GANO ADADIN DA YA ƁOYE: LISSAFIN DAIDAITO DOMIN AMFANIN JAMA'A

GABATARWA

Duk wanda ya zaga Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a cikin garin Bauchi zai ga lissafi ba ya yankewa a bakin jama'a tun daga hantsi har almuru. Mai awo yana yi, mai saye yana yi, direba da yaron motarsa suna yi. Galibin wannan lissafi da ka ake yinsa, kuma yawanci yakan fito daidai.

Amma akwai wani irin lissafi wanda yakan gagari kai, watau wanda aka san ƙarshensa ba a san farkonsa ba. An san abin da aka kashe gaba ɗaya, ba a san kuɗin mudu guda ba. An san jimlar riba, ba a san rabon kowa ba. A irin wannan wuri ne gardama takan tashi, abokan ciniki su ɓata, 'yan'uwa su kai juna gaban alƙali, alhali kuwa babu wanda ya yi nufin cutar wani. Rashin sanin hanya ne kurum.

Manufar wannan ɗan littafi ita ce a nuna wa jama'a wannan hanya. Sunanta lissafin daidaito, kuma ita ce ƙofar shiga fannin da ake kira aljabara a makarantu. Duk wanda ya iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa zai iya koyonta. Farashin da aka kawo a cikin misalan nan an ƙaddara shi ne domin koyo, ba farashin kasuwa na wata rana ba ne.

MENE NE DAIDAITO?

Ka tuna da sikeli mai faranti biyu, irin na masu sayar da nama ko na maƙeran zinariya. Idan nauyin da ke farantin dama ya yi daidai da na hagu, sikeli yakan tsaya cak. In ka ƙara kilo ɗaya a dama, ka ƙara kilo ɗaya a hagu, yana nan tsaye. In ka cire rabin abin da ke kowane faranti, har yanzu yana nan tsaye. Amma da zarar ka taɓa faranti ɗaya ka bar ɗayan, sai ya rinjaya.

Daidaito a cikin lissafi magana ce wadda take cewa abu kaza daidai yake da abu kaza. Alamarsa ita ce 'yan layuka biyu a kwance, haka: =. Abin da ke hagu da wannan alama faranti ɗaya ne, abin da ke dama kuma ɗaya farantin.

Jama'ar ƙasar nan sun daɗe suna aiki da irin wannan magana. Lokacin da aka canja kuɗi ran 1 ga Janairu, 1973, abin da aka koya wa kowa shi ne fam ɗaya daidai yake da Naira biyu, sule ɗaya kuma kwabo goma. Wanda yake bin bashin fam bakwai ya san Naira goma sha huɗu zai karɓa, domin ya ninka ɓangarorin nan biyu sau bakwai, ko da bai san sunan abin da ya yi ba.

Abin da aljabara ta ƙara a kan wannan shi ne dabara guda: adadin da ba ka sani ba, ka raɗa masa suna, ka aza shi a kan sikeli kamar ka san shi. A makarantu an saba kiransa da harafin x. Kowane harafi ma zai yi. Idan an rubuta 6x, ana nufin x sau shida.

ASALIN WANNAN ILMI

Wasu suna zaton aljabara baƙon ilmi ne da Turawa suka zo da shi. Sunan kansa daga Larabci ya fito. Wajen shekara ta 820 Miladiyya, zamanin Halifa Ma'amun, wani malami a Bagadaza mai suna Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa littafi a kan lissafin "aljabru" da "almuƙabala". Jabru a Larabci yana nufin gyara abin da ya karye, kamar yadda maɗori yake ɗora ƙashi. Muƙabala kuwa ita ce a fuskantar da ɓangarori biyu, a soke abin da ya yi kama a cikinsu. Adadin da ba a sani ba, malamin ya kira shi "shai'un", watau "abu". Kashi mai yawa na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake, sauran kuma ya taɓo ciniki da awon ƙasa. Ka ga ke nan tun asali domin bukatun jama'a aka tsara wannan ilmi.

A ƙarni na 12 aka juya littafin zuwa Latin, daga nan ya bazu a ƙasashen Turai. Alamar daidaito da muke rubutawa yau, wani likita ɗan Birtaniya mai suna Robert Recorde ne ya fara amfani da ita a shekara ta 1557. A ƙasar Hausa ma an yi mashahuran masana lissafi, kamar Malam Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1741.

MATAKAI BIYAR

Kowace matsala ta wannan iri ana warware ta da matakai biyar.

1. Ka natsu ka gane abin da ake nema.
2. Ka raɗa wa abin nan suna, ka ce x.
3. Ka juya maganar baki ta zama maganar lissafi, ɓangare biyu da alamar daidaito a tsakani.
4. Ka riƙa rage kaya daga kan sikeli har x ya saura shi kaɗai. Abin da ka yi wa hagu, lalle ka yi wa dama.
5. Ka mai da amsarka cikin maganar farko, ka ga ko ta zauna.

Mataki na uku shi ne ya fi ba mutane wuya, saboda haka ga yadda ake juya wasu maganganu da aka saba ji:

"Ya fi x da goma" shi ne x + 10.
"Ya kasa x da goma" shi ne x − 10.
"Ninkin x" ko "biyun x" shi ne 2x.
"Rabin x" shi ne x ÷ 2.
"Duka-duka ya kama", "jimla", "ya tashi a kan", nan ne wurin alamar =.

MISALI NA ƊAYA: KUƊIN CEFANE

A ce wata uwargida ta shiga Kasuwar Wunti da ₦20,000. Ta auni shinkafa mudu shida, ta biya mai Keke Napep ₦800, ta komo gida da ₦2,400. Maigida ya tambayi nawa aka sayar mata da mudu, ita kuwa ta manta.

Abin da ake nema kuɗin mudu ɗaya ne, sai mu kira shi x. Mudu shida ya zama 6x. Kuɗin shinkafa da kuɗin keke da canjin da ya rage, in an haɗa su, dole su tashi a kan abin da ta fita da shi:

6x + 800 + 2,400 = 20,000
6x + 3,200 = 20,000

A ɗebe 3,200 daga kowane ɓangare:

6x = 16,800

A raba kowane ɓangare gida shida:

x = 2,800

Mudu ya kama ₦2,800. Gwaji: 2,800 sau 6 ya ba da 16,800, a ƙara 800 da 2,400, ya zama 20,000. Lissafi ya zauna, babu kwabon da ya ɓace, babu kuma dalilin zargi a cikin gida.

A lura da tsarin da aka bi. An fara ɗebewa, sa'an nan aka raba. Kamar kwance ƙunshi ne: ƙullin da aka yi daga ƙarshe shi ake fara kwancewa.

MISALI NA BIYU: RABON RIBA

Wa da ƙane sun haɗa jari suna sayar da dankalin Turawa a Kasuwar Muda Lawal. Sun yi alkawari cewa ƙanen, da yake shi ne mai zuwa Jos saro kaya, rabonsa zai fi na wansa da ₦14,000. Riba ta tashi ₦90,000. Nawa kowa zai ɗauka?

Ga yadda mutane da yawa sukan yi. Su raba kuɗin biyu, kowa ₦45,000, sa'an nan su cire ₦14,000 daga na wan su ɗora a kan na ƙanen. Sai ƙane ya tashi da ₦59,000, wa ya tashi da ₦31,000. To, a duba tazarar da ke tsakaninsu: ₦28,000 ce, ninkin abin da aka yi alkawari. An tauye wan ₦7,000 ba tare da kowa ya farga ba, ran da ya farga kuwa zumunci ya taɓu.

Ga hanyar da ta dace. Rabon wa shi ne x. Rabon ƙane x + 14,000. Su biyun a haɗe su ne riba:

x + x + 14,000 = 90,000
2x + 14,000 = 90,000
2x = 76,000
x = 38,000

Wa zai ɗauki ₦38,000, ƙane ₦52,000. Gwaji: jimlarsu ₦90,000, tazararsu ₦14,000. Sharuɗɗan nan biyu duka sun cika.

MISALI NA UKU: RABON GADO

Sanin wanda zai ci gado da kason da Shari'a ta yanka wa kowa aikin malamai ne da alƙalai, kada kowa ya yi masa karambani. Amma bayan sun faɗi kaso, sauran aiki lissafi ne, kuma ya kyautu magada su iya bin sawunsa domin hankalinsu ya kwanta.

A ƙaddara wani mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da 'ya mace ɗaya. Bayan an fid da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya, abin da ya rage ₦2,400,000 ne. Mata tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, tun da mamacin ya bar 'ya'ya. Tumunin wannan kuɗi ₦300,000 ne. Saura ₦2,100,000 na 'ya'ya, namiji yana da rabon mata biyu.

A nan hikima ita ce a raɗa wa ƙaramin rabo suna. Rabon 'ya mace x, rabon kowane namiji 2x:

x + 2x + 2x = 2,100,000
5x = 2,100,000
x = 420,000

'Ya mace tana da ₦420,000, kowane namiji ₦840,000. Gwaji: 300,000 da 420,000 da 840,000 sau biyu sun tashi ₦2,400,000 cif. Irin wannan matsala ce ta cika littafin Alhawarizmi shekaru fiye da dubu da suka wuce.

MISALI NA HUƊU: WACE MOTA TA FI ARAHA?

Wani lokaci adadin da ya ɓoye yakan bayyana a ɓangarorin sikeli duka biyu. Manomi a Dass yana so ya kai shinkafarsa Bauchi. Direba na farko ya ce a ba shi ₦6,000 na tashin mota, sa'an nan ₦500 a kan kowane buhu. Na biyu ya ce shi ba ya karɓar kuɗin tashi, amma buhu ₦800 ne. Wanne ya fi sauƙi?

Amsa ta dogara ga yawan buhuna. Saboda haka sai a nemi adadin buhunan da kuɗin direbobin biyu zai zo ɗaya. A kira shi x:

6,000 + 500x = 800x

A ɗebe 500x daga kowane ɓangare. Wannan ita ce muƙabala da aka ambata a baya:

6,000 = 300x
x = 20

A buhu ashirin kowane direba ₦16,000 zai karɓa. In buhunan ba su kai ashirin ba, na biyu ya fi araha: a buhu goma shi ₦8,000 ne, na farko ₦11,000. In sun haura ashirin, na farko ya fi: a buhu arba'in shi ₦26,000 ne, na biyu ₦32,000. Manomin da ya riƙe adadin nan na ashirin a kansa ya shiga tasha da idonsa a buɗe.

MISALI NA BIYAR: HARAJIN KAYAN MASARUFI

Tun watan Fabrairu na shekara ta 2020 harajin da ake kira VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari, daga kashi 5 da yake a da. Doka ta ɗauke shi daga kan kayan abinci na yau da kullum da magunguna, amma yana kan kayayyaki da yawa na kantuna.

A ce mai shago ya sayi fanka a babban kanti, rasit ya nuna ₦43,000 har da haraji. Yana so ya san ainihin kuɗin fankar domin ya shigar a littafinsa. In ya lissafa kashi 7.5 na ₦43,000 ya ɗebe, zai sami ₦39,775, wannan kuwa kuskure ne, domin a kan kuɗin asali aka ɗora harajin, ba a kan jimla ba.

Kuɗin asali shi ne x. Haraji kashi 7.5 cikin ɗari na x, watau 0.075x:

x + 0.075x = 43,000
1.075x = 43,000
x = 40,000

Fanka ₦40,000 ce, haraji ₦3,000. Haka nan ake gano uwar kuɗi idan an san jimla da kason riba, ko albashin da ake biya kafin a yi ƙari.

KURAKURAN DA ZA A KIYAYE

Na farko, taɓa ɓangare ɗaya a manta da ɗayan. Yara da yawa sun haddace cewa "in lamba ta tsallaka sai ta canja alama", ba su san dalili ba, shi ya sa sukan rikice. Babu lambar da take tsallakawa. Abin da ke faruwa shi ne an ɗebe abu ɗaya daga faranti biyu. Wanda ya riƙe sikeli a zuciyarsa ba ya bukatar wannan hadda.

Na biyu, gauraya ma'auni. In ana lissafi da mudu, kada a jefa buhu a ciki sai an mai da shi mudu. Haka Naira da kwabo, haka sa'a da minti.

Na uku, tsayawa a kan x alhali tambaya ba ta ƙare ba. A misali na biyu x rabon wa ne kaɗai, sai an ƙara ₦14,000 kafin a sami na ƙane.

Na huɗu, ƙin yin gwaji. Minti ɗaya ya isa a gwada amsa, kuma rigakafi ya fi magani. In amsa ta nuna fasinja uku da rabi, ko mudun gero ya fi buhu tsada, to, an yi tuntuɓe a wani wuri, sai a koma mataki na uku.

Ya kamata kuma a san iyakar wannan hanya. Duk misalan nan na miƙaƙƙen daidaito ne, watau wanda ba a ninka x da kansa ba a cikinsa. An kira shi miƙaƙƙe domin in an zana shi a takardar awo, layi miƙaƙƙe yake bayarwa: kowane buhu da aka ƙara, kuɗin da yake ƙarawa ɗaya ne da na buhun da ya gabace shi. In x ya ninka kansa, kamar wajen neman tsawon gefen fili mai kusurwa huɗu daidai daga faɗin ƙasarsa, an shiga wani babi na aljabara wanda ake koyarwa a gaba.

GWADA KANKA

1. Mai ƙosai ta kashe ₦4,500 a kan wake da mai da itace. Tana sayar da ƙosai ɗaya ₦50. Guda nawa za ta sayar kafin ta ci ribar ₦2,000?

2. Uba ya girmi ɗansa da shekara 30. Shekarun uban sun yi huɗun na ɗan. Shekarun ɗan nawa?

3. A ƙaddara tsakanin Bauchi da Jos kilomita 130 ne. Babbar mota ta tashi daga Bauchi tana tafiyar kilomita 60 a sa'a. A daidai wannan lokaci ƙaramar mota ta taso daga Jos tana tafiyar kilomita 70 a sa'a. Bayan sa'a nawa za su gamu?

Amsoshi: (1) 50x − 4,500 = 2,000, ƙosai 130. (2) x + 30 = 4x, shekara 10. (3) 60x + 70x = 130, sa'a ɗaya.

KIRA GA JAMA'A

Tun daga shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa na shekara ta 1976, har zuwa shirin ilmi na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1999, lissafi yana cikin darussan da kowane yaro yake koya. Ana fara wannan babi na daidaito a ƙananan azuzuwan sakandare, kuma a kansa ake gina abin da ke gaba. Yaron da yake burin karatun injiniya ko kimiyya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, ko wata makaranta irinsu a ko'ina cikin ƙasar nan, ba shi da hanyar kauce masa.

Saboda haka ana kira ga iyaye su riƙa sa yara cikin lissafin gida. In an dawo daga kasuwa, a faɗa wa yaro abin da aka fita da shi da abin da ya rage, a bar shi ya gano kuɗin mudu. Ana kira ga malamai su riƙa ɗauko misalai daga kasuwa da gona da tasha, su kuma fara bayyana matsala da harshen da yaro yake ji kafin a shiga alamomi. 'Yan mata da samari ɗaya suke a wannan fage, kada a bar kowa a baya.

Manya waɗanda ba su sami shiga makaranta ba, azuzuwan yaƙi da jahilci suna nan a buɗe gare su. Ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana lissafi da ka ya riga ya ci rabin tafiya, abin da ya rage masa shi ne ya koyi sa shi a takarda. Lissafin da ke cikin kai, mai shi kaɗai yake ganinsa. Wanda aka rubuta kuwa, abokin ciniki zai duba, magaji zai duba, alƙali ma zai duba, kowa ya gamsu.

Idan ka gama karanta wannan ɗan littafi, ka miƙa wa maƙwabcinka, ko ka karanta wa wanda bai iya karatu ba.